Shekarun Tauraro Suna Cikin Juyinsa



An nemi in taɓo kimiyya, shi ne na zaɓi tambaya guda: yaya ake gane shekarun tauraro?

Tauraro yana juyawa kamar katantanwa, kuma akwai tabo masu duhu a jikinsa. Idan tabon ya fuskanto mu sai haskensa ya ɗan ragu, in ya zagaya baya hasken ya dawo. Daga raguwa zuwa raguwa juyi ɗaya ke nan. Matashin tauraro da sauri yake juyi, tsoho kuwa a hankali. Kaza da 'Ya'yanta da muke gani a samaniyar Daura da hunturu yara ne, yawancinsu cikin 'yan kwanaki suke gama juyi. Rana, mai shekara biliyan 4.6, sai ta kwashe kusan kwana 25.

Tsofaffin ne ke da wuyar awo. Madubin hangen nesa na Kepler, da Amurka ta harba a 2009, ya ƙura wa wuri ɗaya ido shekara 4, har aka fitar da juyin taurari 34,030 a 2014. TESS na 2018 kuwa kwana 27 yakan yi a yawancin wurare ya ƙara gaba. Mai juyin kwana 40 da ƙyar yake bayyana a irin wannan leƙe.

Bayanan nan kyauta suke a intanet, lissafi da haƙuri kawai suke buƙata. Roƙona, mu tara wa makarantarmu kuɗin kwamfuta, ko a samu ɗan Daura cikin masu awon.

Allah Ya taimake mu.