Neman Yardar Mai Ba da Bashi Kafin Cinikin Gida



Tun da aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a nan Daura a 2019, Jami'ar Sufuri kuma ta biyo bayanta, baƙi suka yawaita, filaye suka yi daraja, har ya zamana ma'aikacin da ba shi da abin dogaro sai albashi yakan ga gida ya kwanta masa a rai, dillali ya ce akwai wani mai nema, sai ya yi gaggawar ba da kafin alƙalami alhali bai san inda cikon kuɗin zai fito ba. Wannan tsari a juye yake. Kamata ya yi mutum ya fara zuwa wurin mai ba da bashi, a duba albashinsa da shekarunsa da basussukan da ke wuyansa, a rubuta masa iyakar abin da za a iya ba shi, sa'an nan ya shiga neman gida daidai ƙarfinsa.

Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa da doka a 1992 ƙarƙashin Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya, ana yankar masa kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, kuma wanda ya yi wata shida yana zubi ya cancanci neman bashin gida. Biya yana iya kaiwa shekara 30, da sharaɗin kada abin da ake cira kowane wata ya wuce sulusin abin da mutum ke samu. Sai dai akwai ruwa kashi 6 cikin ɗari, kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu da shi ba saboda haramcin riba, lalle yana da hujja. Ya nemi bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, inda ake ciniki bisa murabaha ko ijara, ya kuma nemi fatawar malaminsa kafin ya sa hannu.

Abin da ya fi damuna shi ne takarda. Mu a masarautar nan mun saba da shaidar mai unguwa da dagaci, kuma shaida ce mai mutunci wadda ta raba gardama da yawa. Amma tun da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun Gwamna, banki ba ya karɓar jingina sai da takardar mallaka ta Gwamnatin Jihar Katsina da kuma izinin Gwamna. Saboda haka yardar farko ta mai ba da bashi ba ta zama alkawari tabbatacce ba sai an binciki gidan kansa, an kimanta shi, an tabbata ba na gado ba ne wanda magada ba su raba ba tukuna.

Ina roƙon iyayenmu masu unguwanni, idan aka zo muku da ciniki irin wannan, ku tambayi mai saye ko takardar yardar tana hannunsa, ku kuma sa a rubuta a gaban shaidu cewa za a mayar masa da kafin alƙalaminsa in bashin bai fito ba.