Wa zai gyara burtsatse idan ta lalace?



Ba nisa da wannan lambu na Regent's Park, a unguwar Soho, likita John Snow ya gano a 1854 cewa famfon titin Broad ne ke yaɗa kwalara. A 2021 cutar nan ta hallaka fiye da mutum 3,000 a Nijeriya, akasarinsu 'yan Arewa. A shekarar ce kuma Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 700 na shirin SURWASH, wanda Katsina da Kaduna ke ciki.

Haƙa burtsatse bai cika gagarar gwamnatocinmu ba, musamman gab da zaɓe. Gyara ne maraya. A ƙauyenmu famfo ya yi wata takwas a mace saboda roba guda, mata suka koma kududdufi.

A Amurka, Ma'aikatar Noma kan ba ƙungiyoyin sa-kai jari su ranta wa ƙananan garuruwa. Abin da aka biya, a ranta wa na gaba. Wanda ya san adashi ba zai ga baƙon abu ba. Sai dai bashin ruwa ya kasance marar ruwa, in ba haka ba limamin gari zai hana, kuma da gaskiyarsa.

Ina roƙon ƙungiyarmu ta rubuta wa majalisun dokokin jihohin biyu a kan asusun gyara, kafin su zauna kan kasafin baɗi.