Jawabi a Bikin Yaye Sabbin Malaman Makaranta

Mai girma kwamishinan ilimi, masu martaba iyayen ƙasa, shugaban kwaleji da malamai, iyaye da ɗaliban da ake yayewa.

Yau waɗannan matasa suka karɓi takardar NCE, mafi ƙarancin shaidar da ake buƙata kafin mutum ya riƙe alli a Najeriya. Ba da jimawa ba za a rarraba su. Wata za ta dace da makarantar cikin birni mai benci da famfo da ɗakin karatu. Wani kuwa ƙauye za a tura shi, inda yara ke zaune a ƙasa, iska ta yaye kwanon aji tun daminar bara. Duka biyun makarantun gwamnati ne, manhaja ɗaya, jarrabawar da ke jiran yaran ma ɗaya.

Bambancin daga hanyar da kuɗi ke bi yake. A Sakkwato Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a 1999. Dokar shirin ta 2004 ta mai da karatun shekara 9 na farko kyauta kuma tilas, ta ware wa hukumar UBEC aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Sai dai da sharaɗi: jiha ba ta ɗaukar tallafinta sai ta ajiye daidai adadinsa daga aljihunta. Wadda ta ajiye, ta gina azuzuwa. Wadda ta yi jan ƙafa, kasonta ya kwanta a asusu, shekara da shekaru biliyoyin naira na jiran masu su.

Albashin malamin firamare kuma daga kason ƙaramar hukuma ake cire shi. Inda asusu ya yi rauni, sai a daina ɗaukar malamai, mutum guda ya riƙe aji biyu.

Giɓin da ya rage kan iyaye yake faɗawa: kuɗin PTA, kuɗin alli, kuɗin lesin. Hatta kwalejojin gwamnatin tarayya, waɗanda Abuja ke ɗaukar nauyinsu kai tsaye, da jarrabawa ake shiga, kuma ɗan da aka biya wa lesin shi ke da rinjaye a kan ɗan manomin da bai iya haɗa baƙi ba har aji shida.

Saboda haka roƙon wannan taro ga mai girma kwamishina shi ne a biya kason jiha a kan lokaci, a fara gyara daga makarantun karkara. Iyayen ƙasa, Allah ya ja zamaninku, a riƙa tambayar ina aka kwana a kan makarantar kowace gunduma. Ku kuma sabbin malamai, in takarda ta fito da sunan ƙauye, kada a nemi hanyar sauya ta.

Allah ya sa wa wannan karatu albarka, ya mai da kowa gida lafiya.