Shawarar da Ba Ƙwayar Cuta ce Ta Kawo Ta Ba



A ƙasar Daura, kamar sauran ƙasar Hausa, in idon mutum ya sāke launi, fitsarinsa ya yi ja, sai a ce shawara ce. Wasu su jiƙa saiwar rawaya su sha, wasu su nufi Babban Asibitin Daura. A asibiti akan fara neman ƙwayar ciwon hanta iri na B da na C, kuma da hujja, gama binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na baligan Nijeriya suna ɗauke da irin na B. To, in gwaji ya nuna babu ko ɗaya, shawara kuwa ta ƙi tafiya fa?

A nan ne ya kamata likita ya tuna da wani ciwon hanta dabam, wanda garkuwar jiki ke haddasawa. Watau dakarun da Allah ya halitta cikin jini domin tsaron gida, su ne ke juyowa su far wa hanta. Likita Jan Waldenström na ƙasar Suwidin ya bayyana shi cikin 1950, bayan ya lura da shi a jikin 'yan mata. Ya fi kama mata, amma bai bar maza ko tsofaffi ba, kuma ba a ɗaukarsa daga wani.

Babu gwaji ɗaya tak da ke tabbatar da shi. Ƙa'idojin da masana suka sauƙaƙa cikin 2008 sun tsaya bisa shaidu 4. Na farko, rashin ƙwayar cutar hanta. Na biyu, hauhawar sinadarin garkuwa mai suna IgG cikin jini. Na uku, samun makaman garkuwa masu yaƙar jikin mai su, irin su ANA da SMA. Na huɗu, a ciro ɗan ƙanƙanen tsokar hanta da allura a duba ta da madubin likita, aikin da ake yi a asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Har ila yau, wajibi ne majiyyaci ya faɗi duk maganin da ya sha, na Bature ko na gargajiya, domin wasu kan jikkata hanta su ɓatar da sawu.

Dalilin gaggawa shi ne, kusan kashi 1 cikin 3 na baligai masu ciwon, kafin a gano shi hantarsu ta riga ta ƙandare. Alhali kuwa yana jin magani: Prednisolone da Azathioprine kan kwantar da shi ga mafi yawan majiyyata, muddin ba a yanke shan su ba sai da izinin likita.

Saboda haka, duk shawarar da ta daɗe, ko ta tafi ta dawo, kada a sallami mai ita don kawai ba a ga B ko C ba. A tura shi gaba tun hanta tana da sauran ƙarfi.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.