Shekarun Tsohon Daro: Yadda Ake Gane Su

A gidan ajiye kayan tarihi na Louvre da ke birnin Faris akwai wani daron tagulla mai faɗin kamar santimita 50, an yi masa ado da azurfa da zinariya. Faransawa suna kiransa daron baftisma na Sarki Luwi na Tara, kuma lalle an yi wa 'ya'yan sarakunansu baftisma da shi, har da Luwi na Goma Sha Uku a 1606. Amma fa sunan nan kuskure ne. Luwi na Tara ya rasu a 1270, daron kuwa ba a ƙera shi ba sai tsakanin 1320 da 1340.

To, yaya aka gane? Daron ne ya faɗa da kansa. Maƙerin ya rubuta sunansa da Larabci, Muhammad ibn al-Zayn, har wuri shida. Mahaya dawakin da aka zana a jikinsa, da tufafinsu da makamansu, sun nuna salon Mamaluka masu mulkin Masar da Sham a lokacin. Watau Musulmi ne ya ƙera shi, ba kuma don coci ba.

Irin wannan aiki ya taɓa ƙasar Hausa. A Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a ƙasar Katsina, Palmer ya haƙa kaburbura a 1907, Jamusawa suka sake haƙawa a 1992. Cikin abin da aka tono har da wata tasa ƙirar Gabas ta Tsakiya, wadda salonta ya nuna ƙarshen ƙarni na 15 ko farkon na 16. Wannan bai ce ranar da aka yi kabarin ba. Iyaka dai ya ce ba a rufe shi kafin a ƙera tasar ba.

A nan Sakkwato, garin da aka kafa a 1809, ba wuya a miƙo wa ma'aikacin gidan tarihi buta ko tasa a ce ta zamanin Shehu ce. Labarin masu ita abin rubutawa ne, da sunan wanda ya bayar da shi. Amma kafin ma'aikaci ya sa shekara a takarda, sai ya auna ta, ya duba ko zubi ce ko ƙira, ya nemi rubutu ko hatimi a gindinta, ya kuma lura da inda aka yi mata faci, domin sau da yawa facin ya fi jikin ƙuruciya nesa ba kusa ba.