Abin da Taurarin Jikin Firji da Na'urar Sanyaya Ɗaki Suke Nufi

Jawabin wayar da kan jama'a da aka gabatar a Gidan Kwano, Minna



Ba a rasa dalilin kawo wannan magana Jihar Neja ba. A cikinta ne madatsar ruwa ta Kainji take, wadda ta fara ba da wutar lantarki a 1968, da ta Shiroro wadda aka buɗe a 1990, ga kuma ta Zungeru da aka kammala a 2023. Nan Gidan Kwano kuwa, a kan hanyar Bida, shi ne mazaunin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1983, inda ake horar da injiniyoyi. Duk da haka magidancin Minna ya san yadda daren watan Maris yake in an ɗauke wuta, ya kuma san yadda kuɗin mita ke ƙarewa tun wata bai raba ba. Samar da wuta aikin hukuma ne da kamfanoni, amma yawan wadda ake sha a cikin gida yana hannun mai gida, kuma tun ranar da ya shiga kasuwa sayen na'ura ake yanke wannan hukunci.

Wutar lantarki da ma'auni ake sayar da ita, kamar yadda ake sayar da hatsi da mudu. Ma'aunin shi ne yunit, watau abin da na'ura mai ƙarfin wat 1,000 take sha cikin awa ɗaya. Fankar rufi takan ci wajen wat 75, saboda haka sai ta yi fiye da awa goma sha uku tana juyawa kafin ta cinye yunit guda. Na'urar sanyaya ɗaki, wadda jama'a ke kira iyakwandishan, tana iya cinye wannan yunit ɗin cikin awa ɗaya tak.

To, a nan ne ake yawan ruɗewa. Mai saye ya saba tambayar ƙarfin na'ura da doki, ya ce a ba shi mai doki ɗaya ko ɗaya da rabi. Wannan lissafi yana nuna girman ɗakin da na'urar za ta iya sanyayawa ne kawai, bai faɗi yawan wutar da za ta sha ba. Na'ura mai doki ɗaya da rabi tana kwashe zafin da ya kai kimanin wat 3,500 daga cikin ɗaki ta fitar da shi waje. Wata za ta yi wannan aiki da wutar wat 1,400, wata kuwa da wat 1,000 kacal. In aka raba zafin da ta kwashe da wutar da ta sha, sai a sami lambar da masana'antu ke rubutawa da haruffan EER. Ta farko lambarta 2.5, ta biyu 3.5. Mafi girman lamba ita ce mafi tattalin wuta.

A yi lissafin a fili. Bambancin wat 400 ne. In na'urorin biyu suna aiki awa takwas a dare, rarar ta zama yunit 3.2, a kwana talatin yunit 96. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa ta sa farashin yunit ɗaya a kan Naira 225 ga masu rukunin A, watau waɗanda aka yi wa alkawarin wuta awa ashirin a rana. A bisa wannan farashi rarar ta kai Naira 21,600 a wata guda. Gaskiya ne injin na'ura yakan tsaya ya huta in ɗaki ya yi sanyi, kuma 'yan sauran rukunoni ba su biya haka ba, amma ko an rage rabin wannan kuɗi, abin da ya saura ya isa ya sa mai hankali ya sake tunani kafin ya ɗauki mai araha. Wanda kuwa yake dogara ga janareta ko hasken rana, shi abin ya fi shafa, domin na'ura mai haɗama tana tilasta masa sayen babban inji ko ƙarin batura.

Akwai wata dabara da ya kamata a lura da ita. Waɗansu masana'antu, musamman masu bin tsarin Amurka, da ma'aunin BTU suke fitar da wannan lamba, sai a ga an rubuta 10 ko 12. Ɗan kasuwa yana iya nuna 10 ya ce ta ninka mai 3.2 har sau uku. Ba haka ba ne. Sai an raba irin wannan lamba da 3.4 kafin a gwada su, sa'an nan a ga 10 ɗin ba ta wuce 2.9 ba, watau mai 3.2 ta fi ta.

Don a hutar da jama'a daga wannan lissafi ne ƙasashe suka fito da takardar shaida da ake liƙawa a jikin na'ura. Amurka ta fara liƙa tata mai launin rawaya a 1980. Ƙasashen Turai da haruffa suke aiki, harafin A shi ne mafi tattali. Indiya da Gana taurari suka zaɓa. A Nijeriya, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, wadda aka fi sani da SON, ta ƙaddamar da irin wannan takarda ta firji da na'urar sanyaya ɗaki a 2017, ita ma da taurari daga ɗaya zuwa biyar. Tauraro ɗaya yana nufin na'urar ta tsallake mafi ƙarancin sharaɗi ne da ƙyar, biyar kuwa ita ce kan gaba. Amma taurari ba sa aiki sai tsakanin tsara da tsara. Ƙaton firji mai ƙofa biyu da taurari biyar yana iya fin ɗan ƙarami mai taurari uku shan wuta, don haka lalle ne a duba adadin yunit na shekara da ake rubutawa a takardar firji. Wanda ke cin 250 a shekara da wanda ke cin 600, tsakaninsu yunit 350 ne, kuma firji ba ya hutun dare ko rana.

Sai batun kayan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai, wanda ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin nan ne talaka ya fi faɗawa. A bayan kowane firji ko a cikinsa akwai ɗan ƙarfe ko takarda mai ɗauke da harafin irin yanayin da aka ƙera shi dominsa. Mai harafin N an yi shi ne don wurin da zafi bai wuce digiri 32 ba, mai ST ya kai 38, mai T kuwa 43. A bazara zafin Minna yakan kusanci digiri 40, na Sakkwato da Maiduguri har ya zarce. Firjin da aka yi don ɗakin girkin Jamus, in aka ajiye shi a shago mai rufin kwano a watan Afrilu, injinsa ba zai sami sararin tsayawa ba, ruwan da ke ciki ba zai yi sanyin kirki ba, mita kuwa tana ta gudu. Harafin A da ke jikinsa ba ƙarya ba ne, sai dai a wata ƙasa aka auna shi, da daɗewa, tun robar ƙofarsa ba ta saki ba. Gana ta ga wannan asara, ta hana shigo da tsofaffin firji tun daga 2013. Haka nan na'urar sanyaya ɗaki tana da nata alamun: T1 an yi ta don zafin da ya kai digiri 43, T3 kuwa har 52. Kayan da suka fito daga Amurka su kuma wata matsalar ce, gama yawancinsu na wutar bolt 120 ne, tamu kuwa 230 ce.

Game da ɗumama, maganar gajera ce. A hunturu, cikin Disamba da Janairu, gidaje da ɗakunan kwanan ɗalibai sukan koma ga hitar ruwa, mutanen Jos har da ta ɗaki. Duk hitar da ke aiki da waya mai zafi, yunit ɗaya na wuta yunit ɗaya na zafi take bayarwa, ko wane kamfani ya yi ta. Abin da ya bambanta tukunyar ruwan zafi ta bango da 'yar'uwarta shi ne kaurin abin da aka naɗe ta da shi don kada zafin ya tsere, da kuma ko mai ita yana kashe ta bayan wanka.

Na'urori masu inbata, waɗanda injinsu ke rage gudu maimakon ya riƙa mutuwa yana tashi, sun fi tsada a kasuwa, amma sun fi tattali in ana daɗewa ana amfani da su. Sai dai ko mai taurari biyar ce, in aka sa ta a kan digiri 16, taga a buɗe, ragar tace iska ta toshe da ƙurar hunturu, to, taurarin sun tashi a banza. A tsayar da ita a kan 25, a haɗa da fanka, a riƙa wanke ragar bayan kowane mako biyu a lokacin ƙura, a kuma kafa ɓangarenta na waje a inuwa inda iska ke ratsawa.

Mai saye yana da ikon ya ce a nuna masa takardar shaidar, ya gwada lambar samfurin da ke kanta da wadda ke jikin na'urar, ya kuma sa a rubuta masa wannan lamba a rasit. In ya ga takardar ba ta dace da na'urar ba, ya kai ƙara ofishin SON mafi kusa da shi, da rasit ɗin a hannu.