Jawabi a Kan Kafa Asusun Rancen Gyaran Gida

 



An ɗora mini in yi magana a kan shawarar da ta taso a zamanmu na baya, watau kafa asusun da zai riƙa bai wa ɗan ƙungiya rance domin ya gyara gidansa ko ya ɗaga ɗaki, ba tare da ruwa ba, ba kuma don asusun ya ci riba ba. Ni ɗan kasuwa ne, don haka da lissafin kasuwa zan zo muku. Abin da ya shafi hukunci, ga malamai nan zaune.

Jama'a, kowa ya san Kasuwar Shanu ta Potiskum tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Ran Laraba tirela na bin tirela zuwa Legas da sauran garuruwan Kudu. Amma ku bi masu lodi da masu ja da ƙananan dillalai zuwa inda suke kwana. Akasari haya ce, ɗaki ɗaya ko ciki da falo, da mata da 'ya'ya. Wanda kuwa ya gaji gidan ƙasa, kowace damina sai ya kwana yana kallon azara. Mun ga abin da ruwa ya yi wa gidaje a jihar nan a daminar 2022 da ta 2024. Kakanninmu sun zo garin nan fatauci, Ngizim da Karekare da Bolawa suka karɓe su, suka sami wuri suka gina. Kada a zamaninmu ne gidajen nan za su fita daga hannunmu.

Yadda suke fita kuwa, a gaban idonmu ne. Katanga ta tsage, babu kuɗin yaɓe. Baɗi ɗaki ya zube. Maigida ya rasu, magada su ce a sayar a raba, mai kuɗi ya saye ya rushe ya jera shaguna. Abin da kowane magaji ya samu bai isa fuloti ba, sai haya. Gyaran da buhun siminti goma da bandir biyu na kwano za su tare, shi ne ke cinye gida sukutum.

Wani zai ce, ai gwamnati na da nata tsari. Haka ne. Akwai Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya tun 1977, kuma a 1992 aka yi dokar Asusun Gidaje na Ƙasa, inda ake cirar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci. To amma rancen yana da ruwa, kashi 6 cikin ɗari a shekara, sannan ana neman takardar mallakar fili wadda, bisa Dokar Filaye ta 1978, gwamna ne ke ba da ita a cikin gari. Mu nawa ne a ɗakin nan ke da ita? Yawancinmu takardar ciniki ce da hannun mai unguwa da shaidu. Bankin Jaiz ya fara aiki ba ruwa a 2012, Allah ya saka, amma banki ne na masu hannun jari, dole ya nemi riba da jingina. Adashi kuma yana da kyau, sai dai kwasarka ba ta san ranar da ɗakinka zai zube ba.

Abin da muke nufi ba sabo ba ne a duniya. A Fakistan, wani likita mai suna Amjad Saqib ya kafa ƙungiyar Akhuwat a birnin Lahore a 2001, tana ba talakawa rance ba ruwa, a cikin masallaci ake miƙa kuɗin a gaban jama'a, har ta kai ga ba da rancen gini. A Amurka ma Kiristoci sun kafa Habitat for Humanity a 1976: a taru a gina wa mutum gida, shi ma ya sa ƙarfinsa a aikin, ya biya sannu a hankali, abin da ya biya a gina wa wani. Wannan ai gayya ce irin tamu, sai dai su sun sa ta a littafi.

Ga lissafi, misali kawai nake yi. In mutum 200 suka ajiye naira 1,000 kowace Laraba, an sami 200,000 a mako, a shekara miliyan 10 da dubu 400. In aka ba kowane mabukaci 400,000, gida 26 ke nan. Yana biyan 10,000 duk Laraba, cikin mako 40 ya gama. Naira dubu a ranar kasuwa, wallahi wasunmu sun fi kashe haka a teburin mai shayi.

Yanzu ga inda ƙashin maganar yake. Naira tana narkewa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kaya suka tashi, a farkon 2024 buhun siminti ya haura 10,000 a wurare da yawa. In ka ba da kuɗin buhu 40 aka dawo maka da kuɗin buhu 30, bayan 'yan shekaru asusu ya mutu ba wanda ya ci kwabo. Ruwa kuwa haramun ne, ba ma kusantarsa. Hanya biyu na gani. Ko dai a ranta kaya a biya kaya, buhu da buhu, bandir da bandir. Wannan ya tsare asusu, amma in farashi ya tashi talakan ne zai ɗauki nauyin. Ko kuma asusu ya sayo kaya a sari, ya sayar wa ɗan ƙungiya da farashi sananne wanda ba zai ƙaru ba ko biya ya yi jinkiri, 'yar ribar ta koma cikin asusu. Ni na fi karkata ga ta biyu, don mai karɓa ya san abin da ke kansa tun ranar farko, kuma kuɗi ba su shiga aljihunsa ba balle biki ko suna su cinye. Amma sai malamai sun duba mana.

Sai maganar amana, wadda ita ce ta kashe ƙungiyoyi da dama. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Saboda haka a rubuta komai, ko da na ƙanen shugaba ne. Mai karɓa ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa, kamar yadda fatoma ke tsaya wa baƙonsa a kara. Kuɗi su zauna a banki da hannun mutum uku, a karanta lissafi a bainar jama'a kowane wata uku. Shugabanni kada su karɓi rance a shekarar farko. Na san wannan ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Wanda masifa ta faɗa wa, gobara ko asarar dabbobi a hanya, a jinkirta masa, aya ta 280 ta yi umarni da haka. Wanda yake da shi ya ƙi biya kuwa, a karɓa a wurin masu tsaya masa, kada a ji kunya.

Wa za a fara ba? A ganina gyara kafin sabon gini. Kuɗin ɗaki ɗaya sabo sun isa su tare gida uku daga zubewa. A fara da gidajen marayu da na matan da mazansu suka rasu, har da iyalan waɗanda muka rasa a harin da aka kai kasuwar nan a watan Mayu na 2012, Allah ya jiƙansu. Su ba rance ya dace da su ba, sai attajiranmu su ware musu wani abu na sadaka ko waƙafi a gefe. Daga baya, in asusu ya yi ƙarfi, a taimaki magajin da ke son ya biya 'yan'uwansa rabonsu ya riƙe gidan uba.

Ina roƙon taron nan ya zaɓi mutum bakwai, cikinsu malami guda, magini guda, da uwa guda daga ɓangaren mata, su kawo mana ƙa'idoji a rubuce a zama mai zuwa. Gyaran rufi da rani ake yinsa, don haka a gama wannan kafin ruwan farko ya sauka. Wanda ke son a sa sunansa ya ga magatakarda bayan an tashi.